Shin dukiyar manyan attajirai tsabar kuɗi ce a banki?

An daɗe ana cewa idan aka ambaci dukiyar wani attajiri, to kuɗi ne tsaba da ke jibge a asusunsa, waɗanda zai iya cirewa ya raba wa jama'a a yini guda. Ba abin mamaki ba ne a yi wannan zato, domin yawancinmu da abin da ke hannu muke auna arziki.

Gaskiyar ita ce mafi yawan irin wannan dukiya ƙiyasi ne na darajar hannayen jari, filaye da masana'antu. Wanda ya mallaki hannun jari miliyan 100, kowanne a kan naira 50, za a ce yana da naira biliyan 5. Idan farashin ya sauka zuwa naira 40, biliyan 1 ta zube ba tare da ya kashe ko kwabo ba. In kuwa ya fitar da su kasuwa gaba ɗaya, farashin zai karye.

Wannan bai rage masa ƙarfi ba, a ganina ma a nan ƙarfin yake. Mai rinjayen hannun jari shi ke zaɓen shugabannin kamfani, ya karɓi rance da jarinsa a matsayin jingina, kuma idan kamfanin ya mamaye kasuwa, yana da ta cewa a kan farashi da ɗaukar ma'aikata.

Mai son tabbatarwa ya duba rahoton shekara na kamfanin da ke kasuwar hannayen jari, inda a Najeriya ake bayyana masu kashi 5 cikin 100 ko fiye, sannan ya ninka adadin hannayen jarin kowannensu da farashin ranar. Don Allah a tura wa 'yan'uwa wannan bayani.