Teɓa bayan shekara 40: amsoshin tambayoyin da ake yi a ƙauyukanmu

A karkarar Kano da Jigawa, idan cikin magidanci ya fara turo riga sai ka ji ana cewa, "Alhaji, hutu ya zauna." Ana faɗa ne da fatan alheri. Amma teɓar nan tana cikin manyan abubuwan da ke jawo hawan jini da ciwon suga da ciwon gwiwa, cututtukan da a da ake ganin na mutanen birni ne.

Abin da nake ci tun ina saurayi shi nake ci. Me ya sa yanzu nake ƙara jiki?

Kwanon tuwon bai ragu ba, aikin da ke cinye shi ne ya ragu. Tuna yadda kake zuwa gona a da, a ƙafa ko a keke. Yau babur ne, har zuwa masallacin Juma'a. Noman da ake yi da fartanya sau biyu sau uku, maganin feshi ya ɗauke rabinsa. Wanda ya haura 45 galibi yana da 'ya'ya samari da suka karɓi garma, shi kuma ya koma duba aiki daga gindin bishiya. Wannan haƙƙinsa ne, ya sha wahala ya kai nan. Sai dai jiki kamar rumbu yake, abin da aka zuba ba a ɗiba ba yana nan a ajiye, kuma a ciki yake fara taruwa.

Sannan a duba da kyau ko abincin bai canja ba da gaske. Shayi mai kauri da burodi a teburin mai shayi, taliya, farar shinkafa da mai da yaji, lemon kwalba a ranar kasuwar Wudil ko Maigatari, duk sun shigo ba a lissafa su ba.

To ba shekaru ne ke kawo ta ba ke nan?

Suna da hannu, amma bai kai yadda ake zato ba. Wani babban bincike da mujallar Science ta buga a 2021, a kan mutane sama da 6,000 daga ƙasashe 29, ya nuna yadda jiki ke ƙona abinci ba ya wani sauyawa daga shekara 20 zuwa 60. Sai bayan 60 yake fara raguwa a hankali. Abin da ke zaizayewa tun daga shekara 30 shi ne tsoka, kashi 3 zuwa 8 cikin 100 duk shekara goma, ya fi tsanani ga wanda ya daina aikin ƙarfi. Shi ya sa za ka ga dattijo hannu da ƙafa sun sirance, ciki kuwa ya yi gaba.

Ba mu da sikeli a gida. Yaya zan san na wuce ƙima?

Nemi igiya. Auna tsawonka da ita daga ƙasa zuwa tsakar ka, ka yanke ta a nan, ka ninke ta gida biyu, ka zagaya ta a cikinka daidai saitin cibiya. Idan bakin biyu bai haɗu ba, kitsen ciki ya yi yawa. Ƙa'idar ita ce zagayen ciki kada ya kai rabin tsawon mutum. Ga namiji da mace duka.

Ni mace ce, ba na fita sosai. Tun da al'ada ta ɗauke mini cikina ya ƙaru.

Hajiya, ba ke kaɗai ba ce. Ɗaukewar al'ada, wadda kan zo tsakanin shekara 45 da 55, tana sa kitse ya bar cinya da ƙugu ya koma ciki. Ga shi kuma a daidai wannan lokaci ne surukai suke karɓar daka da surfe da jan ruwa, injin niƙa ya ɗauke sauran. Ina ganin uwargida ta fi kowa shiga wannan hali, domin girmamawar da ake yi mata ita ce ke zaunar da ita a tabarma daga hantsi har la'asar. Kada ki saki aiki gaba ɗaya. Riƙe shara, taɓa daka ko da kaɗan ne, zagaya tsakar gida da sauri bayan asuba da bayan la'asar har ki ji numfashi ya ɗan hau. Ziyarar 'yan'uwa a unguwa ko tafiya Islamiyya a ƙafa duk suna cikin lissafi.

Sai na daina cin tuwo?

A'a. Tuwon dawa ko na gero da miyar kuka ko kuɓewa ya fi yawancin abin da ya maye gurbinsa. A rage malmala, a yawaita miya da ganye: zogale, rama, yakuwa, kwaɗo da ƙuli-ƙuli. Wake yana riƙe ciki kuma yana gina tsoka, haka nono da kifi da ƙwai. Inda ake yin ɓarna shi ne suga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce kimanin ƙaramin cokali 12 a yini, in ya tsaya a 6 ya fi. Robar lemo guda mai rabin lita tana iya cinye wannan kason duka, kafin a zo kan wanda aka zuba a fura da koko da shayi. Gishiri kuma kada ya kai giram 5, wato ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen magi. Koyarwar Manzon Allah (SAW) ta raba ciki uku, abinci da ruwa da numfashi, ta wadatar a matsayin ma'auni.

Ina noma da damina. Wannan bai isa ba?

Ya isa na wata huɗu. Matsalar tana rani, ga wanda ba ya noman fadama irin na Kura ko Auyo. Abin da ake so shi ne aƙalla minti 150 a mako na motsi mai sa gumi, wato rabin awa sau biyar, da aikin ƙarfi kwana biyu. Ajiye babur idan tafiyar ba ta da nisa. Faskare, yankan ciyawar dabbobi, gyaran danga, kai taki gona duk aikin ƙarfi ne. A watannin zafi a yi da sassafe, a sha ruwa.

Baba ya haura 65, gwiwa ta hana shi sakat. Ya huta kawai?

Zama yana ƙara wa gwiwa tauri. Ya riƙa tashi daga kujera yana komawa sau goma ba tare da dafa komai ba, ya tsaya da ƙafa ɗaya yana dafe da bango, ya taka zuwa masallaci ko da sanda. A wannan shekarun kare shi daga faɗuwa ya fi rage masa nauyi muhimmanci, don haka kada a takura masa a abinci.

Akwai ƙibar da ba ta abinci ba ce?

Akwai, kuma a nan nake roƙon a kula. Idan ƙafa ta kumbura, ka danna da yatsa wurin ya lotsa, ruwa ne, yana iya zama zuciya ko ƙoda ko hanta. Idan fuska ta cika ta kumbura bayan an daɗe ana shan haɗin ƙwayoyin ciwon jiki na kemis, ko maganin ƙara ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, sau da yawa akwai dexamethasone a ciki, wanda ke tayar da suga da hawan jini yana kuma raunana ƙashi. Wanda ya daɗe a kansa kada ya yanke shi dare ɗaya, ya tafi da kwalin asibiti a rage masa a hankali. Haka ramar da ta zo ba a neme ta ba, tare da ƙishirwa da yawan fitsarin dare ko tari na sama da mako biyu, ita ma ta asibiti ce. Duk wanda ya kai 40 ya je asibitin da ke kusa a auna jininsa da sugansa ko da yana jin garau, kuma idan awon hawan jini ya yi ta nuna 140 bisa 90 ko sama, a fara magani.