Tsohon fayil ɗin mujalla, sabuwar manhaja: tambayoyi da amsoshi kan Scribus da LibreOffice

A Zariya akwai masu fitar da 'yar ƙaramar mujalla ko wasiƙar labarai da yawa: sassan Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru da Kongo, makarantun sakandare, ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, kwamitocin masallatai. Galibi wani ne ya tsara fitowar farko da Microsoft Publisher ko CorelDraw, ya bar fayil ɗin, sai wanda ya gaje shi ya tarar ba shi da manhajar, ko kuma kuɗin lasisinta ya fi ƙarfin ƙungiyar. Ga tambayoyin da suka fi yawo a kan wannan.

An bar mana fayil ɗin Publisher, mu kuma ba mu da Publisher. Da me za mu buɗe shi?

Da LibreOffice Draw, wato ɓangaren zane na manhajar ofis ta LibreOffice, ko Scribus, manhajar tsara shafukan mujalla. Dukkansu manhajoji ne masu buɗaɗɗen tushe, wato kyauta ne, kuma doka ta yarda ka kwafa a filash ka ba wani. Wannan na da amfani, domin LibreOffice ya haura megabait 300, mutum ɗaya ya sauke ya raba wa sauran ya fi kowa ya ƙone datarsa.

LibreOffice ya fara karanta fayil mai ƙarshen .pub tun fitowa ta 4.0 a 2013. Ka buɗe Draw, ka je File, Open, ka zaɓi fayil ɗin. Scribus ma yana buɗe shi daga jerin 1.5 zuwa sama, kuma tabbatacciyar fitowa ta 1.6 ta zo a Janairun 2024. Injin karatun da ke cikinsu ɗaya ne, sunansa libmspub, amma kowace manhaja da yadda take shimfiɗa abin da ta karanta. Saboda haka a gwada duka biyun, a ɗauki wanda ya fi kama da asali.

Abin da ba za su yi ba shi ne mayar da aikin zuwa .pub. Da ka gyara, sai dai ka adana a .odg idan Draw ne, ko .sla idan Scribus ne, sannan ka fitar da PDF. Idan akwai wanda har yanzu yake jiran ka mayar masa da fayil ɗin Publisher, gara ka faɗa masa tun da wuri.

Me ya sa za mu bar Publisher alhali yana yi mana aiki?

Saboda Microsoft ta sanya Oktoban 2026 a matsayin ƙarshen tallafinsa. Masu biyan Microsoft 365 za su rasa shi, kuma ba a saka shi cikin Office 2024 ba. Wanda ya sayi tsohon kwafi na dindindin zai ci gaba da buɗe shi, amma babu sauran gyara. Don haka duk wanda ke da kwamfutar da Publisher ke aiki a kanta, ya fitar da abubuwa uku daga kowace fitowar mujallar: PDF mai ingancin bugawa, rubutun a RTF ko Word, da hotunan a jaka ɗaya. PDF ɗin ne zai zama shaidar yadda shafin yake tun asali.

Idan fayilolin suna da yawa kuma Publisher ya riga ya tafi, LibreOffice na iya juya su gaba ɗaya zuwa PDF. A rufe LibreOffice, a shiga jakar fayilolin ta tagar umarni (Command Prompt ko Terminal), a rubuta: soffice --headless --convert-to pdf *.pub

CorelDraw fa? Shi ne kusan kowane shagon zane daga Samaru zuwa Sabon Gari yake amfani da shi.

Fayil ɗin .cdr yana buɗuwa a Draw, da Inkscape (wata manhajar zane ta kyauta), da Scribus, ta injin da ake kira libcdr. Layuka, siffofi, launuka da hotuna sukan fito lafiya. Inda ake shan wahala shi ne kwalliyar da Corel kaɗai ya san kanta: hoton da aka cusa cikin siffa da PowerClip, inuwa, launi mai narkewa cikin wani, rubutun da aka lanƙwasa. Waɗannan kan zo a karkace ko su ɓace. Fayil daga sabuwar fitowar Corel kuma ya fi tsoho gardama, don haka a roƙi mai shagon ya sake adanawa a tsohuwar fitowa, akwai wurin zaɓar hakan a tagar Save As. Ya haɗa maka da PDF ko SVG.

Akwai tarko ɗaya da babu manhajar da za ta fitar da kai. Masu zane sukan mayar da rubutu zane kafin su kai maɗaba'a, da Ctrl+Q, don kada haruffa su canja. Idan wannan kwafin aka ba ka, abin da kake gani kamar rubutu siffofi ne kawai, ko Corel ɗin kansa ba zai gyara kalma ɗaya ba. Nemi kwafin da aka adana kafin a yi hakan. In babu, sai a sake bugawa da hannu.

InDesign, PageMaker da QuarkXPress?

Fayil ɗin .indd ba ya buɗuwa a ko ɗaya daga cikinsu. Sai mai InDesign ya fitar maka da shi a tsarin IDML, wanda ke nan tun fitowar InDesign ta CS4, shi Scribus yake karantawa. Draw yana buɗe PageMaker 6 da 7, da QuarkXPress daga 3.1 zuwa 4.1. Mai tsohon faifan CD na shekarun 2000 zai iya samun sa'a.

Fayil ya buɗe, amma rubutu ya zube daga akwatinsa, shafi ya hargitse. Me ya faru?

Kusan kullum samfurin haruffa ne. Fayil ɗin yana neman wani font da babu shi a kwamfutarka, sai manhajar ta sa wani a gurbinsa. Faɗin haruffan ya bambanta, layin da ya ɗauki kalma tara ya koma ɗaukar takwas, sakin layi ya ƙaru da layi biyu, ƙarshen labari ya ɓuya. A Scribus za ka gane haka da ɗan jan akwati mai alamar X a kusurwar ƙasa ta dama ta akwatin rubutu.

Magani na farko shi ne a saka ainihin font ɗin, idan ana da izininsa. Na biyu, a sa wanda aka ƙera da awo ɗaya: Carlito a gurbin Calibri, Caladea a gurbin Cambria, Liberation Sans a gurbin Arial, Liberation Serif a gurbin Times New Roman. Siffarsu ta ɗan bambanta, amma faɗin kowane harafi daidai ne, don haka layuka ba sa motsi.

Sauran abubuwan da kan lalace: akwatunan rubutu da ke haɗe, inda labari ke gangarowa daga shafi na 1 zuwa na 3, sukan rabu, kanun WordArt kan zama siffa ko rubutu mara ado, jadawali kan sauya tsayi. Draw ba shi da ƙarfi wajen gangarar da rubutu tsakanin shafuka, shi ya sa ya fi dacewa da gyaran kwanan wata ko suna a takarda mai shafi ɗaya ko biyu, ba mujalla mai shafi 16 ba.

Haruffan Hausa masu lanƙwasa sun koma } da ] da ~. Fayil ɗin ne ya lalace?

Lafiyarsa ƙalau. An buga shi ne da tsofaffin font na Hausa na kafin yaɗuwar Unicode (tsarin da ya ba kowane harafi lambarsa ta kansa), irin su Rabi'at, inda aka ari gurbin wasu alamomi aka zana haruffanmu a kai. A cikin fayil ɗin, ƙasa tana nan a matsayin }asa, ɗaya kuma ]aya; font ɗin ne kawai yake nuna su daidai. Da ya ɓace, asiri ya tonu.

Kada a gyara ta hanyar nemo tsohon font ɗin, domin matsalar za ta dawo ranar da aka kwafi labarin zuwa Facebook ko WhatsApp. A zuba rubutun a LibreOffice Writer, a yi Find and Replace: } zuwa ƙ, ] zuwa ɗ, ~ zuwa ɓ, { zuwa Ƙ, [ zuwa Ɗ. A duba babban Ɓ da ido a ga alamar da ta tsaya masa. Lambobinsu na Unicode su ne 0199 ga ƙ, 0257 ga ɗ, 0253 ga ɓ. A Writer ana rubuta lambar a danna Alt+X.

Sannan a zaɓi font da ke ɗauke da su da gaske: Charis SIL, Gentium, Andika, ko Noto Serif. Writer kan aro harafin da ya rasa daga wani font a ɓoye, shi ya sa wani lokaci ƙ ke fitowa da wata siffa daban a tsakiyar kalma. Scribus ba ya wannan aron, akwati fanko zai nuna maka. Gara hakan, don an gani tun kafin a buga kwafi 500. Mai shafin ajami kuwa, Scribus 1.6 yana rubutu daga dama zuwa hagu, kuma akwai font ɗin Alkalami da Harmattan daga ƙungiyar SIL.

To mu ci gaba da gyara fayil ɗin da aka shigo da shi, ko mu sake tsarawa?

Idan fitowa ɗaya ce kawai, a lallaɓa. Idan mujallar za ta ci gaba da fita kowane zango, a sake ginawa a Scribus sau ɗaya. Fayil ɗin da aka shigo da shi yakan zo da tarkacen akwatuna ba tare da tsarin salo ba, kuma kowace fitowa sai an sake fama da shi.

A buɗe sabon aiki a Scribus, a zaɓi Facing Pages (shafuka biyu masu fuskantar juna), takarda A4 wato milimita 210 da 297, gefe milimita 15, da rarar yanka, wato ƙarin da ke zarce bakin shafi wanda ake yankewa bayan bugu, milimita 3 a kowane ɓangare. A Edit, Master Pages, a sa abin da ke maimaituwa: sunan mujalla, layin ƙasa, lambar shafi. A Edit, Styles, a ƙirƙiri salo huɗu ko biyar: jikin labari mai girman 10 ko 11 da tazarar layi 13 ko 14, babban kanu, ƙaramin kanu, bayanin hoto. Harafin T yana jawo akwatin rubutu, I na hoto, N yana haɗa akwati da akwati, F2 yana buɗe tagar awo. Ginshiƙi uku da tazarar milimita 5 sun dace da A4. Labarai a rubuta su a Writer ko Word, a gama gyaransu a can, sannan a shigo da su da Get Text. Scribus wurin shimfiɗa ne, ba wurin rubutu ba.

A ajiye wannan a matsayin samfuri, kowace fitowa a ɗauki kwafinsa. A kunna adanawa ta kai-tsaye a Preferences, a sa minti biyar, saboda wuta ba ta sallama kafin ta tafi.

Wani abu da ke cin mutane: Scribus, in ba an umarce shi ba, ba ya haɗiye hotuna cikin fayil, hanyar inda suke kawai yake riƙewa. Ka kwafi .sla shi kaɗai a filash, ka isa shago ka tarar da akwatuna fanko. A yi amfani da File, Collect for Output, zai tattara komai a jaka ɗaya, har da font idan an zaɓa.

Mai maɗaba'a ya ce shi Corel kawai yake karɓa.

Abin da yake nufi shi ne a Corel yake jera shafuka. Corel yana shigo da PDF, don haka a kai masa PDF mai kyau. Kafin fitarwa a gudanar da Preflight Verifier, zai nuna rubutun da ya zube, hoton da ya ɓace, da wanda ingancinsa ya gaza. A tagar PDF, ɓangaren Color, a zaɓi Printer don launuka su fita a CMYK, wato tawada huɗu ta maɗaba'a: shuɗi, ja, rawaya da baƙi (shi ne K), ko Grayscale idan baƙi da fari ne. A kunna rarar yanka. Idan an san a Corel zai buɗe, a mayar da haruffa zane a ɓangaren Fonts, don kada ƙ da ɗ su sake tafiya a kwamfutarsa. Idan ya nemi PDF/X, wato PDF na musamman don maɗaba'a, mai nau'o'i irin su X-1a da X-4, sai an kunna sarrafa launi tukuna. X-1a ba ya ɗaukar inuwa ko abu mai shara-shara, X-4 yana ɗauka.

Rubutu ya kasance baƙin K ɗari bisa ɗari shi kaɗai. Baƙin da ya zo daga RGB, wato tsarin launin allon kwamfuta, yakan rabu kan faranti huɗu, kuma idan injin ya goce ko da rabin milimita ne, ƙananan haruffa za su fito da gezar ja da shuɗi. Wannan ne dalilin da ya sa Draw da Inkscape, waɗanda PDF ɗinsu RGB ne, suka fi dacewa da firinta ta ofis ko aikin da za a tura ta waya. Tambarin da aka zana a Inkscape, a shigo da shi Scribus a gyara launinsa a can.

Hotuna su kai ɗigo 300 a inci: hoto mai faɗin santimita 10 yana buƙatar kusan fiksel 1,180. Wanda aka turo ta WhatsApp a matsayin hoto an riga an matse shi, a ce wa mai turowa ya aiko shi a matsayin fayil.

Za mu buga da kanmu a A3, mu ninke, mu ɗinke da sitefula. Yaya jerin shafukan?

Adadin shafuka ya rabu da 4: 8, 12, 16. A mujalla mai shafi 8, takarda ta farko tana ɗaukar 8 da 1 a gaba, 2 da 7 a baya. Ta biyu 6 da 3 a gaba, 4 da 5 a baya. Duk shafi biyun da ke zaune tare, jimlarsu 9 ce, wato adadin shafuka da ƙarin ɗaya. Scribus ba ya yin wannan jerin da kansa. A fitar da PDF shafi ɗaiɗai bi da bi, a buga ta zaɓin Booklet na manhajar karanta PDF. Idan maɗaba'a za a kai, kada a jera musu, su za su yi daidai da girman farantinsu. A fara buga kwafi ɗaya, a ninke, a duba ko baya ya kife, domin a nan ake gane ko firintar tana juya takarda ta dogon gefe ne ko ta gajere.