Ma'anar Sadarwar Bi-da-bi Tsakanin Na'urori

Wanda ya saba zama a rumfunan masu gyaran inbata a Alaba, ko na masu gyaran kwamfuta a Computer Village da ke Ikeja, ba zai rasa jin ana ambaton TX da RX ba. Waɗannan ƙafafu biyu, wato wuraren da ake jona waya a jikin na'ura, su ne mashigar sadarwar bi-da-bi, wato tsarin da na'ura ke aika bayanai ɗaya bayan ɗaya ta waya guda, maimakon a shimfiɗa wayoyi takwas a tura su gaba ɗaya. TX ce ke aikawa, RX ce ke karɓa, kuma wajibi ne na'urorin biyu su yi ittifaƙi a kan gudu, alal misali bit (mafi ƙanƙantar bayani, 0 ko 1) 9600 a daƙiƙa. Idan suka saɓa, sai allon kwamfuta ya cika da haruffa marasa kan gado.

Tsohuwar ƙa'idar wannan sadarwa mai suna RS-232, wadda ta samo asali tun shekarun 1960, tana buƙatar wuta mai fuska biyu, sama da sifili da ƙasa da shi, daga bolt 3 zuwa 15, alhali allon da'irar lantarki na cikin na'ura bolt 5 kawai yake da shi. Saboda haka sai mai zana da'ira ya tanadi wutar daban domin sadarwa kaɗai. Kamfanin Maxim ne ya sauƙaƙa lamarin da MAX232, ƙwayar lantarki (chip) mai ƙafa 16 wadda ke amfani da 'yan ƙananan kapasito, masu ajiye cajin wuta, ta haɓaka bolt 5 zuwa kusan 10, ta kuma juya fuskarsa. Daga baya MAX3232 ta zo tana aiki da bolt 3.3. A ganina wannan rage kayan haɗi ya fi ƙarin gudu muhimmanci, domin kowane abu da aka cire daga allo kuɗi ne aka rage.

Da kwamfutoci suka daina zuwa da tsohuwar kafa mai allura 9, sai ƙwayoyin FT232 da CP2102 da CH340 suka zama gada zuwa USB.

Inda tafiya ke da nisa kuwa, musamman a masana'antun da janareta da manyan injuna ke cika layi da hayaniyar lantarki, wata ƙa'idar mai suna RS-485 ake nema. Tana auna bambancin da ke tsakanin wayoyi biyu da aka murɗe tare, don haka hayaniyar da ta shiga dukansu ba ta ɓata saƙo, kuma takan kai mita 1,200 idan an rage gudu. Wasu sababbin ƙwayoyinta suna da shinge a ciki wanda ke raba ɓangaren layi da na na'ura, ta yadda wutar da ta yi tsalle a kan layi ba za ta isa ƙwaƙwalwar na'ura ba.