Waiwaye: Yadda zartsin ruwan famfo ya daɗe a ɓoye kafin ya bayyana a kayan gida

Muhawara kan ruwan famfo mai zartsi, wato wanda yake ƙin kumfa da sabulu, a unguwannin gefen birane ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Masu gidaje na kukan cewa hita tana ƙonewa tun ba ta tsufa ba, injin wanki yana toshewa, kofuna kuma suna fitowa daga injin wanke kwanuka da farin dabbare. Masu samar da ruwa kuwa suna amsawa da cewa ruwan ya cika ƙa'idojin lafiya. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, sai dai da yawa daga masu ƙorafin suna magana kamar jiya ruwan ya sauya, alhali lamarin ya girmi injinan da ake kuka a kansu nesa ba kusa ba.

Abin da ke sa ruwa ya ƙi kumfa shi ne sinadaran kalsiyam da magnisiyam da yake kwasowa yayin da yake ratsa duwatsun farar ƙasa da alli a ƙarƙashin ƙasa. Idan aka dafa shi, musamman in zafin ya haura digiri 60, sai kalsiyam ɗin ya rabu da ruwan ya daskare a jikin ƙarfe. Duk wanda ya taɓa ganin an zaro ƙarfen da ke zafafa ruwa daga cikin tsohuwar hita ya san kamanninsa: fari fat, ya yi kauri da ɓawo mai kaushi, in an ƙwanƙwasa sai ya riƙa ɓantarewa. Wannan ɓawon yana tare zafi, don haka ƙarfen yake ƙara zafi yana gasa kansa har ya tsage. Hukumar nazarin ƙasa ta Amurka tana ɗaukar ruwan da ya wuce miligiram 120 a lita a matsayin mai zartsi, wanda ya wuce 180 kuma mai zartsi ƙwarai, yayin da Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta sa masa iyaka ta fuskar lafiya ba, saboda ba ta ga illarsa ga mai sha ba.

Farkon labarin sananne ne. Magudanar da Rumawa suka gina don kai ruwa birnin Kolon na Jamus ta tara ɓawon da kaurinsa ya kai santimita 30 a wasu wurare, har daga baya aka riƙa sassaƙa shi ana gini da shi. A 1841 Thomas Clark, masanin sinadarai a Skotland, ya fito da hanyar rage zartsi da farar ƙasa, a 1935 kuma aka ƙirƙiro a Ingila ƙwayoyin roba masu musanya kalsiyam da wani sinadari, irin fasahar da na'urorin tace ruwa na gidaje suke tafiya a kanta har yau. Ke nan an san maganin tun kafin injin wanki ya zama ruwan dare.

Matakin da ba a cika waiwaya ba, wanda a ganina shi ne ƙashin bayan rikicin yau, ya faru ne a cikin kwalin sabulu. Bayan yaƙin duniya na biyu, garin sabulun wanki na zamani ya maye gurbin sabulun gargajiya, kuma aka cika shi da sinadarin fosfet. Aikin fosfet shi ne ya kama kalsiyam da magnisiyam ya riƙe su a narke, ta yadda ba za su manne a tufafi ko a jikin injin ba, su bi ruwan ɗauraya su fice. Wannan ya zo daidai da shekarun da birane suka fara tumbatsa zuwa gefe, inda sababbin unguwanni da yawa suka yi nisa da manyan matatun da ke ɗebo ruwan kogi, aka koma haƙa musu rijiyoyin burtsatse, ruwan ƙasa kuwa galibi ya fi na kogi zartsi domin ya daɗe yana kwance cikin dutse. Da a ce matar gida ta lokacin ta ga wankinta yana fitowa da kaushi tun makon farko, da an yi ta kai ƙorafi har a gina wa unguwar matatar rage zartsi. Ba ta gani ba, domin kowane wanki yana zuwa da maganinsa a cikin sabulun. Hita da butar lantarki dai suna tara ɓawo, amma tsohuwar hita mai babban tanki tana iya ɗaukar shekaru da laka a gindinta tana aiki, in ta mutu kuma a ce tsufa ne. Haka aka yi shekaru gommai ana faɗaɗa unguwanni a kan ruwa mai zartsi ba tare da an tsaya an tambayi wa zai ɗauki nauyin gyara shi ba.

Fosfet ɗin kuwa bai ɓace ba, yana bin magudanan ƙazanta zuwa tafkuna ya zame wa gansakuka taki. A ƙarshen shekarun 1960 tafkin Erie da ke tsakanin Amurka da Kanada ya lalace har ana kiransa matacce, kuma a 1972 ƙasashen biyu suka rattaba hannu kan yarjejeniyar kare manyan tafkunansu. A wannan zamanin aka fara janye fosfet daga sabulun wanki, ya rage a sabulun injin wanke kwanuka har zuwa Yulin 2010, lokacin da jihohi sama da 15 na Amurka suka taƙaita shi. Tarayyar Turai ta sa tata iyakar ga sabulun wanki a 2013, ga na kwanuka kuma a Janairun 2017. Matakin daidai ne, ba ni da ja a kansa, domin tafki ba shi da madadi. Amma cikin watanni kaɗan da taƙaita fosfet a sabulun kwanuka mutane suka fara ganin farin hazo a kofunan gilashi, da yawa suka zargi injinansu har suka canja su, ba su san cewa ruwan da suka saba sha ne ya fito da ainihin halinsa ba.

Injinan zamani ma sun ƙara tsananta abin. An ƙera su don tsimin ruwa da wuta, da siraran bututu da ƙananan ƙofofin feshi, kuma hitar da ke zafafa ruwa nan take ba tare da tanki ba, ɓawo kaɗan ya isa ya shaƙe ta.

Inda aka tunkari matsalar daga tushe, kamar a Holan, ana rage zartsin ne tun a matata kafin ruwan ya shiga bututun gidaje. A sauran wurare an bar kowane gida da na'urarsa, mai hali ya saya, maras hali ya ci gaba da kankare ɓawo yana canja hita. Waɗannan na'urori kuma da gishiri ake wanke su, ruwan gishirin yana gangarawa cikin magudana, abin da ya sa wasu yankunan Kalifoniya suka riga suka hana amfani da irinsu.