Nemo Ilimi Daga Waje da Tasirinsa Kan Ƙirƙira a Kamfanoni

Nemo ilimi daga waje shi ne duk wata hanya da kamfani ke bi don samun fasaha ko dabarar da ba ma'aikatansa ne suka samar ba, domin ya fito da sabon kaya ko ya gyara tsarin aikinsa. Ana samun irin wannan ilimi a wajen abokan ciniki, da masu kawo kayan aiki, da jami'o'i, har ma da abokan hamayya. Wani lokaci saye ake yi, ko dai ta hanyar lasisi ko a sayi ƙaramin kamfani ɗungurungum, kamar yadda Google ya sayi Android a 2005. Wani lokaci kuma haɗin gwiwa ake ƙullawa, irin wanda Pfizer da BioNTech suka yi a 2020 wajen samar da rigakafin korona.

Tun a 1976 Eric von Hippel na jami'ar MIT ya binciki tarihin na'urorin kimiyya, ya tarar kashi 77 cikin 100 na sababbin abubuwan da aka kawo, masu amfani da na'urorin ne suka fara ƙirƙiro su. Masani ne zai ga na'urarsa ta kasa auna abin da yake so, sai ya kwance ta, ya ƙara mata wani sashe da hannunsa, daga baya kamfani ya ɗauka ya kai kasuwa. A 2003 Henry Chesbrough ya raɗa wa tsarin nemo ilimi daga waje suna buɗaɗɗiyar ƙirƙira, a daidai lokacin da kamfanin Procter & Gamble mai yin sabulu da kayan amfanin gida, ƙarƙashin shugabansa na lokacin A.G. Lafley, ya sa wa kansa burin samo rabin sababbin dabarunsa daga waje.

Binciken da ya fi fito da ƙwayar maganar shi ne na Keld Laursen da Ammon Salter a 2006, wanda ya shafi masana'antu 2,707 a Birtaniya. Sun jera kafofin ilimi 16, suka auna abu biyu: faɗi, wato kafofi nawa kamfani ke leƙawa, da zurfi, wato nawa daga ciki yake dogara da su sosai. Sakamakon ya nuna cewa ƙirƙira tana ƙaruwa yayin da kamfani ke buɗe ƙofa, amma sai ta kai wani matsayi ta fara ja da baya. Dalilin ba ɓoyayye ba ne, domin taura biyu ba ta taunuwa: kowace alaƙa tana cin lokacin injiniyoyi da manajoji, tana buƙatar taro da yarjejeniya da kiyaye sirri, kuma idan dabaru suka yi yawa a kan tebur, mai kyau ma sai ta ɓace a cikinsu.

Akwai kuma sharaɗin da sau da yawa ake mantawa da shi, alhali shi ne ginshiƙi. Wesley Cohen da Daniel Levinthal sun bayyana a 1990 cewa kamfani ba ya iya gane darajar ilimin waje, balle ya narkar da shi ya mayar da shi kaya, sai yana da nasa ilimin tun farko. Wanda ya rufe sashen bincikensa da tunanin zai riƙa sayen komai ya yi kuskure babba, don ba shi da wanda zai karanta takardar fasahar da aka miƙo masa ya ce wannan tana da amfani, waccan ba ta da shi. Bruno Cassiman da Reinhilde Veugelers sun ga haka a masana'antun Beljiyam a 2006, inda binciken cikin gida da sayen ilimi daga waje suke ƙarfafa juna.

Wani cikas ɗin a zuciyar ma'aikata yake. Ralph Katz da Thomas Allen sun nazarci rukunoni 50 na masu bincike a 1982, suka lura cewa rukunin da mutanensa suka daɗe tare yakan rage hulɗa da ƙwararrun waje, ya riƙa raina duk abin da ba shi ya ƙirƙiro ba, kuma aikinsa yakan fara raguwa bayan kimanin shekara 5.