Tseren keken dutse: tambayoyin da samarinmu na Birnin Kebbi ke ta yi

Tunda aka fara ganin bidiyon Turawa a waya suna gangarowa daga kan duwatsu bisa keke, tambaya ta ƙi ƙarewa, wani ya ce ai wanga neman mutuwa ne kawai, wani kuma ya ce shi fa yana son ya gwada. Ga waɗanda aka fi maimaitawa.

Tambaya: Malam, mi ya raba shi da tseren keke na kan kwalta?

Amsa: Hanya ce ta raba su. A kwalta ana tafiya a dunƙule, kowa na fakewa bayan ɗan uwansa don kar iska ta cinye mishi ƙarfi, shi kuwa na dutse hanya ce 'yar siririya mai gargada, ga saiwoyi ga tsakuwa ga hawa ga gangara, wani wurin mutum ɗaya kaɗai ke iya wucewa, kai da kekenka ne babu mai ɗaukar maka nauyi. A Kalifoniya ta Amurka aka fara abin a shekarun 1970, samari ne suka gyara tsofaffin kekuna masu kaurin taya suna gangarowa da su daga tudu. Hukumar keke ta duniya UCI ta shirya gasar duniya ta farko a 1990 a garin Durango na Amurka, sannan wasan ya shiga Olamfik a 1996 a Atlanta, inda Bart Brentjens ɗan Holan ya ci zinare a maza, Paola Pezzo 'yar Italiya ta ci a mata.

Tambaya: Na ji ana cewa XCO, ana cewa maraton, ba abu ɗaya ba ne?

Amsa: A'a, keke iri ɗaya ne amma aikin daban. XCO shi ne na Olamfik, zagaye ake yi a hanyar da ba ta wuce kilomita 4 zuwa 6 ba, a yi ta maimaitawa har wajen awa ɗaya da rabi. Tun daga busa ake ƙure gudu, saboda kowa na son ya riga shiga siririyar hanyar nan, in ka shiga a na talatin to ko ka fi na gabanka ƙarfi sai ka yi ta bin bayansa kana cizon yatsa, su kuma na gaba sun yi nisa. Shi ya sa ake jera mutane a layi gwargwadon makin da suka tara, mai maki shi ke gaba. Kuma akwai doka, in an bar ka a baya sosai har na farko ya kusa zagayo ka, alkalai cire ka suke yi daga hanya.

Maraton kuwa, wanda ake rubutawa XCM, daga kilomita 60 ne har zuwa 160. Ka ƙiyasta, mafi gajarta ya ɗan ɗara Birnin Kebbi zuwa Argungu, mafi tsawo kuma ya kai Birnin Kebbi zuwa Sakkwato, kuma ba kwalta ba, daji da tudu. Yawanci zagaye ɗaya ne babba ko kuma daga wani gari zuwa wani, ƙwararru da 'yan koyo duk a tashi rana ɗaya. Akwai ma na kwanaki, kamar Cape Epic na Afirka ta Kudu da aka fara a 2004, kwana 8 ake yi, wajen kilomita 700, mutum biyu-biyu ake shiga kuma ba a yarda ka tsere wa abokinka da fiye da minti 2 ba, in ya gaji dole ka jira shi.

Tambaya: To wanne ya fi wuya?

Amsa: XCO ya fi zafi, maraton ya fi cin mutum. Ni a ganina ma maraton ne ya fi dacewa da mu, domin XCO na yanzu yana son hanya da aka gina musamman da wuraren tsalle da ƙwarewar da sai an fara tun yarinta, amma doguwar tafiya a keke cikin rana wallahi mutanen ƙauyukanmu sun daɗe suna yin ta da buhu a baya.

Tambaya: Ai in mutum yana da ƙarfin ƙafa shi ke nan ko?

Amsa: Nan ne samari ke faɗuwa. A maraton mai ƙarfi ba shi ke ci ba sau da yawa, wanda ya iya rabon ƙarfinsa ne. Za ka ga yaro ya tashi da wuta a awar farko ya bar kowa, kamar mai noma da ya zuba ƙarfinsa duka a kunyar farko, kafin a kai rabi sai ka tarar da shi gindin itace yana haki, ƙafa ta ɗaure. Dalili shi ne sukarin da jiki ke ajiyewa a tsoka da hanta ba shi da yawa, in ana aiki mai ƙarfi awa ɗaya da rabi zuwa biyu ya kusa ƙarewa, in ya ƙare kuwa ido ya yi duhu, feda ta yi nauyi, ko tunani mutum ba ya iyawa da kyau, kuma a gangara wanda hankalinsa ya gushe shi ke karya ƙashin wuya. Don haka ƙwararru tun a awar farko suke fara ci, ba sa jiran yunwa, abin da ake so shi ne wajen giram 60 zuwa 90 na abinci mai sukari ko sitaci a kowace awa. Su suna da nasu na leda mai tsada, mu kuma muna da dabino da ayaba da zuma, kuma suna aiki sarai. Fura da nono dai a bari sai an sauka, tana zama a ciki.

Sai ruwa. Mai tsere a Turai zai iya wadatuwa da gora ɗaya a awa, amma a nan Kebbi daga Maris zuwa Mayu zafi na haura digiri 40, zufa na fita da gishiri, in ruwa zalla kake ta ɗurawa ba gishiri jiki zai saki, har kai ya fara juyawa. A zuba ɗan gishiri da sukari a gora ɗaya, ɗayar kuma ruwa. Atisaye kuma a yi shi bayan sallar asuba, kafin ƙarfe tara an dawo gida. Da hunturu an huta da zafi amma ƙura na shiga sarƙa ta cinye ta, sai an riƙa gogewa ana sa mai.

Tambaya: Wane irin keke ake buƙata, Phoenix ɗin Baba zai yi?

Amsa: Allah ya ja kwanan Baba, amma a bar mishi kekensa. Keken tsere na da taya mai faɗi mai ƙuraje, yanzu kusan duk inci 29 ce, da birkin faifai irin na babur, da shokazoba a gaba, wasu gaba da baya, giya kuma yawanci faranti ɗaya a gaba da 12 a baya. Na ƙwararru nauyinsa wajen kilo 10 ne, kuɗinsa kuma ya ninka na sabon babur. Mai farawa ba ya buƙatar wannan, keken gwanjo mai shokazoba a gaba kawai ya isa, abin dubawa shi ne ya yi daidai da tsayinka, birki na kamawa, ƙarfen jikinsa bai tsage ba. Hular kwano kuma ba a ciniki a kanta, babu gasar da za ta bar ka ka tashi ba ita.

Tambaya: In taya ta yi faci ana cikin tsere fa?

Amsa: A XCO akwai wurin da aka ware inda makanikanka ke tsaye da taya, sai ka lallaɓa ka kai can, amma ba a canza keken gaba ɗaya, wanda ka tashi da shi da shi za ka gama. A Olamfik na Faris a 2024 haka ta faru da Tom Pidcock ɗan Birtaniya, yana gaba tayarsa ta sace, aka canza, ya biyo ya kamo Victor Koretzky ɗan Faransa ya wuce shi a zagayen ƙarshe, 'yan kallo har ihu suka yi mishi don haushi. Alan Hatherly na Afirka ta Kudu ne ya zo na uku, kuma a shekarar ya ci gasar duniya a ƙasar Andora ta Turai.

A maraton kuwa wuraren taimako na da nisa da juna, kai ne mai facin kanka, sai ka ɗauki famfo da tub na ajiya da abin haɗa sarƙa. Mu a nan ƙaya ce babbar matsala, tsidau da ƙayar aduwa da ta bagaruwa, shi ya sa taya marar tub ta fi, wadda ake zuba wa wani farin ruwa mai danƙo a ciki, ƙaya na hudawa ruwan ya toshe ramin kana tafiya ba ka ma sani ba.

Tambaya: A ina za mu yi atisaye, kuma ta yaya ake shiga gasa?

Amsa: Tudu ba ya mana wuya, ga tudun Dukku nan kusa da gari, ƙasar Zuru kuma duwatsu ne birjik, yashin fadama ma makaranta ce don yana koya wa mutum riƙe kan keke da sauƙaƙa giya. Amma kowa ya san halin da ake ciki na tsaro, ba kowane daji ake shiga ba yanzu, kar wani ya ɗauki keke shi kaɗai ya nausa don ya ga bidiyo. A fita a ƙungiya, a bi hanyar da manoma ke bi kullum, a gaya wa na gida inda aka nufa.

Gasa ta hukuma sai da lasisi, kuma hukumar keke ta ƙasa ce ke bayar da shi, ta nan Ese Ukpeseraye ta bi har ta wakilci Najeriya a Faris 2024, duk da ita kwalta da filin zagaye ta yi. Kafin a kai can, samari goma za su iya auna zagaye na kilomita 4 a bayan gari da waya, a nemi izinin mai unguwa da masu gonaki, a sa mutum biyu masu ƙirga zagaye da ɗaya mai babur ɗauke da ruwa da kayan ɗaurin rauni, a yi zagaye biyar ranar Asabar da safe.