Waiwaye: Tun Ranar da Aka Rufe Kafteriya Ɗalibanmu Suka Fara Rasa Ajin Koyon Zama da Jama'a

Duk lokacin da aka fitar da takardun tura 'yan bautar ƙasa, muhawara ɗaya ce take dawowa a majalisun Birnin Kebbi da shafukan Facebook. Ɗan Jega da aka tura Ebonyi yana neman hanyar dawowa gida tun bai kwance jaka ba. Wanda aka turo sansanin Dakingari daga Ondo yana ƙirga kwana 21 ɗin horo kamar mai jiran sallah. A 2021 har ƙudirin soke shirin gaba ɗaya ya shiga Majalisar Wakilai. Ba ma sai an tsallaka kogin Kwara ba: sabon malami ɗan Gwandu da aka tura Danko-Wasagu, ko ma'aikaciyar jinya 'yar Zuru da aka tura Kamba, sukan yi wata shida suna zaman baƙunta a cikin jiharsu. Wasu suna ɗora laifin a kan wayar hannu, wasu a kan rashin tsaro. Kowanne yana da kasonsa, amma maganar ta girme su duka.

Kebbi ba jihar harshe ɗaya ba ce. A masarautunta huɗu, Gwandu da Argungu da Yauri da Zuru, akwai Kabawa da Fulani da Zabarmawa da Arawa da Dandawa da Kyangawa, akwai Dakarkari da Dukkawa da Fakkawa da Kambari da Gungawa, Musulmi da Kirista da masu bin al'adar kakanni. Hausa ce ta haɗa su a kasuwa, kuma wannan ne yake rufe ido: da an ji mutum yana Hausa sai a ɗauka kunyarsa da gaisuwarsa da abin da yake ɓata masa rai duk irin namu ne.

Farkon labarin sananne ne. A 1966 aka buɗe kwalejojin gwamnatin tarayya na farko a Sakkwato da Warri da Okposi don a cakuɗa yara daga kowane sashe. Bayan yaƙin basasa aka ƙara yawansu, aka kuma kafa bautar ƙasa a watan Mayun 1973. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce kowane yaro ya koyi ɗaya daga manyan harsuna uku bayan nasa. Ɗan Argungu ko Yelwa da ya gama sakandare a wancan zamani, Zariya ko Kano ko Sakkwato zai nufa, wani ma har Ibadan.

Abin da ba a cika ambata ba shi ne inda ake yin ainihin koyon. Ba a ɗakin lacca ake yin sa ba. A kafteriya, wato ɗakin cin abincin ɗalibai, ake yin sa, da ɗakin kwana.

Jami'o'in wancan lokaci suna ciyar da ɗalibai da tikiti mai rahusa, safe da rana da dare. Muhimmancin tikitin nan ya kai ga ƙarin kobo 50 a kuɗin abincin yini, daga Naira 1.50 zuwa Naira 2, ya kasance cikin abubuwan da suka tayar da zanga-zangar ɗalibai ta Afrilun 1978. Da kuɗin man fetur ya ja baya a farkon shekarun 1980, sai tallafin abincin ya tsaya a wajajen 1984, aka bar dafa abinci ga 'yan kasuwa da ɗaliban kansu. An kalli abin a matsayin maganar kasafi, kuma ta wannan fuskar akwai hujja. Ba a lissafa abin da ya tafi tare da tukunyar ba.

A yi lissafin yanzu. Cin abinci sau uku a yini, kwana bakwai, mako 30 na karatu a shekara, ya kama zama 630. A shekara huɗu ya haura 2,500. A kowane zama ɗalibi yana bin layi da wanda bai zaɓa ba, ya zauna inda ya samu kujera, ya ga yadda wani yake addu'a kafin ya kai loma, ya ɗanɗani miyar da a gidansu ba a taɓa yi ba, ya ji an yi masa dariya kan yadda yake furta wata kalma, shi ma ya rama. Bahaushe ya san nauyin ciyayya: wanda kuka sa hannu a kwano ɗaya da wuya ka yarda da mummunan labari a kansa ba tare da ka bincika ba. A 1954 masanin halayyar ɗan Adam Gordon Allport na Amurka ya zayyana sharuɗɗa huɗu da suke sa cuɗanya ta rage ƙyamar juna: matsayi ɗaya, buri ɗaya, haɗin gwiwa, da goyon bayan hukuma. Layin kafteriya ya cika kusan dukkansu ba tare da kowa ya shirya hakan ba. Ɗan sarki da ɗan masunci tikiti iri ɗaya ne a hannunsu.

Da aka koma risho da kananzir a ɗaki, tsarin abota ya sauya daga tushe. Wanda zai dafa da kansa dole ya yi karo-karo, kuma ba ka haɗa shinkafarka da manjanka sai da wanda ka yarda da girkinsa da yankansa, wanda kuma in kuɗinsa ya yanke ka san gidan da za a aika. Wato ɗan garinku. Gadaje suka yi kaɗan, sai raɓe ya zama ruwan dare, kuma wanda zai raɓa ka ɗan'uwa ne ko ɗan unguwa. Waɗanda suka fita haya cikin gari suka bi sahun 'yan yankinsu, gida guda kaza na 'yan Zuru, gida guda kaza na 'yan Yauri. Ƙungiyoyin ɗaliban gari da na ƙaramar hukuma, waɗanda a da aikinsu bai wuce liyafar ƙarshen shekara ba, suka zama su ne masu nemo masauki da bashi da tsofaffin takardun jarrabawa. Babu mugun nufi a cikin wannan. Yunwa ce ta tsara shi. Sakamakon dai shi ne ɗalibi zai iya shekara huɗu a makaranta mai ƙabila ashirin, amma bayan lacca da 'yan ƙauyensu kawai yake magana.

Nan ne abin ya shafi Kebbi kai tsaye. An ƙirƙiro jihar ranar 27 ga Agustan 1991, kuma yawancin manyan makarantunta bayan rufe kafteriya aka haife su: kwalejin ilimi ta Argungu a farkon shekarun 1990, jami'ar jiha da ke Aliero a 2006, jami'ar tarayya ta Birnin Kebbi a 2013, jami'ar noma ta Zuru a 2020. Kusantar da ilimi ga talaka alheri ne babba, musamman ga 'ya'ya mata da ba za a bar su su yi nisa ba. Sai dai makarantun sun taso ba su gaji teburin kafteriyar nan ba, yawancin ɗalibansu kuma daga kewaye suke. A jami'o'in tarayya ma kashi 45 na gurabe ne ake bayarwa bisa cin maki kawai, kashi 35 na 'yan jihohin kewaye ne, kashi 20 na jihohin da suke baya a boko. Malaman da suka kafa sassan farko sun yi karatu a tsohon tsari, sun ɗauka cuɗanya abu ne da yake zuwa da kansa. Rashin tsaro ya zo daga baya ya ƙara ƙulli. Bayan sace ɗaliban kwalejin tarayya ta Birnin Yauri a watan Yunin 2021, ba kowane uba ne zai tura ɗansa kwana a nesa ba.

Abin da ya maye gurbin teburin shi ne darasi. Darasin al'ummomin Najeriya da al'adunsu yana cikin darussan GST, wato darussan gama-gari da suke dole a kan kowane ɗalibi, kuma a manhajar jami'o'i da aka ƙaddamar a Disambar 2022 yana da nauyin awa biyu a mako, kimanin awa 30 a zango. A ajiye awa 30 gefen zama 630. Ana koyar da shi ga ɗaruruwan ɗalibai a babban zaure, a ƙarshe a yi jarrabawar zaɓi ɗaya cikin huɗu, sau da yawa a kwamfuta. Irin wannan jarrabawa tana iya tabbatar da cewa ɗalibi ya san Uhola bikin Zuru ne, Rigata na Yauri. Ba za ta nuna abin da zai yi ba idan iyayen yaro suka ƙi amsa gaisuwarsa.

Masu nazarin wannan fanni sun daɗe da raba sani da iyawa. Milton Bennett a 1986 ya jera matakai shida da mutum yake bi wajen mu'amala da bambancin al'adu: rashin ganin bambancin, kare naka da raina na wani, ƙanƙantar da bambancin, amincewa da shi, iya sauya hali gwargwadon wurin, sai haɗe duka a jiki. Mataki na uku shi ne tarkon da ya fi kama namu, domin yana da daɗin ji: "ai duk ɗaya muke." Mai faɗin haka yakan nufi kowa kamar shi yake. A kan waɗannan matakai aka gina IDI, ma'aunin iya zama da mutanen wata al'ada mai tambayoyi 50, wanda yake fitar da maki biyu, inda mutum yake zaton yana tsaye da inda yake a zahiri, kuma yawanci zaton ne yake gaba. Amfani da shi a nan yana da wuya: da dala ake biya kan kowane ɗalibi, sai wanda aka horar ne yake fassara sakamakon, ga Turancin tambayoyin. Binciken Darla Deardorff na 2006 ya nuna masana sun yi ittifaƙi cewa ma'auni ɗaya ba ya isa, sai an haɗa hira da lura da abin da ɗalibin ya rubuta.

Wannan haɗin ana iya yin sa a Argungu ko Aliero ba tare da dala ba, musamman tun da manhajar 2022 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta tsara da kanta. A makon farko a ba ɗalibi gajeren labari: kana koyon koyarwa a ƙasar Zuru, wani babban ɗalibi yana yawan fashi da damina, an ce yana golmo, wato noman da saurayi yake yi wa gidan surukai kafin aure. Ya rubuta abu uku daban-daban: abin da ya gani, fassara biyu ko uku da abin zai iya ɗauka, da matakin da zai bi. A ba da maki daga 1 zuwa 4 kan ko ya raba gani da hukunci, ko ya kawo fassarar da mutanen wurin za su amince da ita, da ko ya san wa zai tambaya. A mako na 12 a ba shi wani labarin mai nauyi iri ɗaya, misali uwa Bafulatana da ta ƙi faɗin sunan ɗanta na fari a gaban malami. Tazarar makin biyu ita ce abin dubawa.

Tsakanin makonnin a haɗa su rukuni na mutum huɗu zuwa shida, malami ne zai zaɓa, a ba su aikin da ba ya kammaluwa sai da ilimin kowa, kamar kwatanta yadda ake sasanta rikicin gona a garuruwansu. Kurakuran da suke rusa shi sanannu ne. Idan aka sa ɗan ƙaramar ƙabila shi kaɗai cikin biyar, sai ya zama abin kallo ko kakakin dukkan danginsa. A sa su bibbiyu. Idan aka ba da maki kan ra'ayi, ɗalibai za su rubuta abin da malami yake son ji. A ba da maki kan bayani da hujja. Idan malami ɗaya ne yake duba takardu 800, zai koma zaɓi ɗaya cikin huɗu. A ɗebi takardu 60 kawai, malamai biyu su duba kowace daban, inda makinsu ya saɓa da fiye da ɗaya su zauna su daidaita. Kwalejin ilimi kuwa tana da zangon koyon koyarwa a hannu: a tura ɗalibi masarautar da ba tasa ba inda hanya take da aminci, a ƙara layi uku a fom ɗin mai duba shi, ɗaya daga ciki shugaban makarantar da ya karɓe shi ne zai cike.